Mallakar hannun jari sannu a hankali

Mallakar hannun jari sannu a hankali, wato vesting da Turanci, yarjejeniya ce tsakanin waɗanda suka kafa sabon kamfani tare, inda kason kowa ke zama nasa gwargwadon daɗewarsa yana aiki. A Amurka an fi ƙulla ta a kan shekara 4. Wanda ya fice kafin shekara guda ba ya samun komai. Da cikar shekara yakan mallaki kashi 25 cikin 100 na kasonsa, sauran kuma wata-wata.

Ana yin haka ne don kada wani ya janye da wuri da kaso mai tsoka, ya bar abokansa da wahalar aiki. Masu zuba jari sukan gindaya wannan sharaɗi kafin su ba da kuɗi.