Ciwon ƙirji bayan aikin zuciya: wane ne na warkewa, wane ne na hatsari?

Wanda aka yi wa aikin zuciya a Yamai ko a ƙasar waje, in ya komo gida Kornaka, sauran jinyar tana hannun dangi. Abu na farko da ya kamata mai jinya ya sani shi ne bambancin ciwon ɗinki da ciwon da ba ya jiran wayewar gari.

In an buɗe ƙirji, ƙashin tsakiya ake tsagawa a ɗaure shi da waya. Yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan lokaci tsami, ƙaiƙayi, da zafin da ke ƙaruwa in an yi tari ko an juya, duk na warkewa ne. Rungume matashin kai lokacin tari yana rage shi.

Amma a tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: nauyi a ƙirji kamar an aza dutse, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, numfashi na yankewa a kwance, suma, zazzaɓi, ɗinki ya yi ja ko yana ruwa, ƙashin na motsi yana ƙas-ƙas, ƙafafu sun kumbura. A fara da likitar CSI mafi kusa, su za su tura Dakoro ko Maraɗi. A riƙa takardun aikin a hannu.

Har ƙashin ya haɗe, ba daka, ba jan guga, ba noma, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Amma kwanciya wuni ba magani ba ce: a ɗan taka da safe da marece, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A rage gishiri, kanwa da magi, a bar taba.

Maganin tsinka jini, ba a tsai da shi don an ji sauƙi. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe har iyakar rayuwa zai sha, tare da awon jini. Mai shan sa ya nisanci ƙaho, tsaga da jiƙe-jiƙe, don jini na iya ƙin tsayawa.

Ƴan uwa na Libiya, Aljeriya da Najeriya, taimakonku mafi amfani shi ne kuɗin magani kafin ya ƙare, da kuɗin mota ranar komawa awo. Ku riƙa bugo waya kuma, don ɓacin rai da rashin barci sun zama ruwan dare bayan irin wannan aiki. Allah ya ƙara sauƙi.