Supermoto

Supermoto babur ne na daji da aka gyara domin hawa kwalta. Asalinsa gasar Superbikers ce, wadda tashar ABC ta fara nunawa a Amurka a 1979, daga baya Faransawa suka rungume ta.

Babban aikin yana ƙafafu. Babur ɗin daji, wato enduro, yakan zo da ƙafar gaba mai inci 21, ta baya inci 18. Sai a cire su a sa masu inci 17 da tayoyi masu faɗi, marasa manyan ƙuraje, don su kama titi a kwana. Faifan birkin gaba ma akan ƙara girmansa zuwa kusan milimita 320, domin ƙaramin yana saurin zafi. Madubi, sigina da lamba kuwa, doka ce ke neman su. Sai dai siririyar kujerar babur ɗin ba ta doguwar tafiya ba ce.