Apple Silicon

Apple Silicon sunan jerin ƙwaƙwalen kwamfuta ne da kamfanin Apple na Amurka ke tsarawa da kansa bisa fasahar ARM, kamfanin TSMC na Taiwan kuma yake ƙera su. A ranar 22 ga Yuni 2020, shugaban kamfanin na lokacin, Tim Cook, ya sanar cewa kwamfutocin Mac za su rabu da ƙwaƙwalen Intel da suke amfani da su tun 2006. Kafin nan ma Apple ya bar tsofaffin ƙwaƙwalen Motorola ya koma PowerPC a 1994.

Na farko a jerin da aka yi domin Mac shi ne M1, wanda ya fito a watan Nuwamba 2020 ɗauke da transisto biliyan 16. A cikinsa an haɗe sashen lissafi da na sarrafa hoto da ma'adanar aiki wuri guda, shi ya sa ba ya cin wuta sosai. MacBook Air da ke ɗauke da shi ko fanka ba shi da ita, batirinsa kuma kan kai yini ana aiki. Tsofaffin manhajojin da aka rubuta domin Intel suna gudana ta hanyar wata manhaja mai suna Rosetta 2.

Sai dai wannan haɗin yana da illa babba ga mai saye: ba a iya ƙara ma'adanar bayan an sayi kwamfutar, abin da ya ɗaure hannun masu gyara. An kammala sauyin daga Intel a watan Yuni 2023 da fitowar Mac Pro mai M2 Ultra.