Tsakanin Cirewa da Cetowa: Nazari a Kan Wankin Saiwar Haƙori da Kula da Haƙorin da Ya Ji Rauni

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci aikin wankin saiwar haƙori, wanda jama'a suka fi sani da "kashe jijiya", ta hanyar bitar muhimman bincike-binciken da aka gina fannin a kansu. Ta nuna cewa abubuwa biyu ke yanke wa haƙori hukunci: nisanta shi da ƙwayoyin cuta, da kuma saurin kai shi gaban likita.

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, mai ciwon haƙori yakan fara da kanumfari ko ƙwayar rage raɗaɗi. Idan zugin ya lafa bayan 'yan kwanaki, sai ya ɗauka ya warke. Sau da yawa lafawar nan ba waraka ba ce. Ɓargon haƙorin ne ya mutu. Sai kunci ya kumbura ake zuwa asibiti da buƙata ɗaya: "Likita, a cire shi kawai."

2.0 Asalin Cutar

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai kama da ƙashi, a tsakiyarsa kuma akwai kogo mai ɗauke da ɓargo, wato jijiyoyin ji da na jini, waɗanda ke sauka ta siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. A shekarar 1965, Kakehashi da abokan aikinsa sun buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu. Na ɓerayen gama-gari ya ruɓe ya tara mugunya, amma na waɗanda aka raina ba tare da ƙwayoyin cuta ba ya warke. Ke nan ba ramin ne cutar ba, kuma ba wata "tsutsar haƙori" ba ce; abin da ya bi ramin ya shiga shi ne cutar.

3.0 Matakan Aikin

Bayan hoton haƙori da allurar kashe zafi, likita yakan keɓe haƙorin da shimfiɗar roba don kada yawu ya taɓa shi, dabarar da Sanford Barnum ya ƙirƙiro a Amurka a 1864. Daga nan sai ya huda saman haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓen ɓargon, ya faɗaɗa hanyoyin saiwa da ƙananan zartuna masu kama da allura. Tun daga 1988 aka fara samun na haɗin nikel da titaniyom, masu bin lanƙwasar saiwa. Sai dai zarto ba ya kai wa kowane lungu, don haka ake ɗauraye hanyoyin da ruwan haifokulorait, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta yana narkar da ragowar nama. A ƙarshe a cike gurbin da ƙaron gata-faca, a toshe saman da ciko, haƙorin turmi kuma galibi a sa masa hula.

Binciken Sjögren da abokansa na 1990 a Suwidin ya sami nasarar kashi 96 cikin ɗari inda cutar ba ta kai ƙashin gindin saiwa ba, da kashi 86 inda ta kai. A 1995 kuma Ray da Trope sun nuna cewa ingancin murfin sama yana da babban tasiri a sakamakon. Mara lafiyar da ya ji zafin ya lafa, ya ƙi komawa a kammala ciko, ya sake buɗe wa cutar ƙofa.

4.0 Haƙorin da Ya Ji Rauni

Faɗuwa daga babur ko karo a filin ƙwallo kan tumɓuke haƙorin gaba ɗungurungum. Ƙa'idojin ƙungiyar masana raunin haƙori ta duniya na 2020 sun ce a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi a hankali, a mayar da shi gurbinsa nan take. Idan hakan ya faskara, a tsoma shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ko cikin yawun mai shi. Naɗe shi a takarda ko ƙyalle kuskure ne, domin bayan minti 60 a bushe, ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwar sun mutu. Likita zai ɗaure shi da maƙwabtansa na kimanin mako biyu, ya fara wankin saiwa cikin wannan lokaci idan saiwar ta gama girma. Haƙorin nono na yara kuwa ba a mayar da shi, don kada a illata na dindindin da ke ƙasa.

5.0 Kammalawa

Cire haƙori ya fi arha a ranar farko, amma giɓin da ya bari yakan sa maƙwabta su karkata, tauna ta raunana. Maƙalar na ba da shawarar a koya wa malaman makaranta, masu horar da 'yan wasa da ma'aikatan asibitocin karkara matakan sa'ar farko bayan tumɓukewar haƙori, domin su ne ke wurin kafin likita. Haƙorin da ya iso asibiti cikin kofin madara yana da sauran rabo. Wanda ya kwana a aljihu, da wuya.