Kowa Ya Tuna Bara: Tarihin Sukan Finafinan Hausa

Gabatarwa

Da wuya a taso da zancen fim a majalisa, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, mutum bai ji wani ya ce finafinan yanzu sun lalace ba. Wani ya ce babu labari sai jan lokaci, wani ya ce babu al'ada sai kwaikwayon baƙi, wani kuma ya rantse cewa tun daga kan Sangaya da Wasila ba a sāke yin fim ba. Masu iya magana dai sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi tarihin wannan suka, a ga inda ya faro, da irin kamannin da ya riƙa ɗauka daga zamani zuwa zamani, sa'an nan a auna ko ya gyara wani abu. Dalili kuwa shi ne, mu ɗaliban Hausa mu ne za a tambaya gobe, kuma ba ya kyautuwa mu maimaita hukuncin majalisa ba tare da mun san asalinsa ba.

Majigi da Silima

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce majigi, wanda gwamnatin Turawa ta riƙa yawo da shi a mota gari gari, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, ga tafinta yana bayani da Hausa. A 1939 aka kafa sashe na musamman a Ingila don shirya irin waɗannan finafinai saboda ƙasashen da ake mulka. Abin da suka ƙunsa shi ne tsabta, da rigakafi, da noma, da biyan haraji. Irinsu ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda ya yi wa manoma gargaɗi a kan noman auduga. Majigi bai sha suka sosai ba, domin kyauta ne, a fili ake yinsa, kuma da yardar sarakuna.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa, daga baya wasu suka biyo. Nan ne suka ya fara, amma fa ba a kan abin da ake nunawa kawai ba, har da wurin kansa: duhu, da cakuɗuwar mutane, da hayaƙin taba, da 'yan iskan gari. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Haka kuma sa'ad da aka buɗe Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, sai da aka yi rigima. Watau tun ba a fara yin fim na kasuwa da Hausa ba, an riga an yanke wa silima hukunci a kan tarbiyya. Wannan hukunci shi ne gadon farko da masu shirya fim na Hausa suka tarar.

A waɗannan gidaje ne Kwara, watau 'yan kasuwar Labanan masu silimomin, suka riƙa kawo finafinan Indiya. Jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu, domin sun ga auren dole, da biyayyar iyaye, da kunya, da rikicin mai kuɗi da talaka, abubuwan da suka san su a gidajensu. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi, har samari suka riƙa sa wa taurari laƙabi, alal misali Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Yaran da suka taso da wannan kallo su ne suka zama masu shirya fim daga baya.

Zamanin Babban Fim

A 1976 Adamu Halilu ya shirya Shehu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga baya aka sami irinsu Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa. Waɗannan su ne finafinan da masana kan buga misali da su in ana zancen inganci, kuma lalle an yi su da ƙwararrun ma'aikata da kayan aiki masu tsada. Sai dai akwai abin lura. Ba su da yawa, kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya, kuma yawancin Hausawa ba su taɓa ganinsu ba. Abin da talaka ya sani a lokacin shi ne wasan kwaikwayon talabijin, na su Ƙasimu Yero, da Samanja, da Karkuzu, da 'yan Kuliya Manta Sabo. Saboda haka in an ce a koma wa ingancin da, sai a tambaya wane da ake nufi, na Shehu Umar ko na talabijin, domin kowanne da irin awonsa.

Kaset ya Shigo

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda aka fi ɗauka a matsayin mafarin wannan sana'a. Kaset ya sauya al'amari gaba ɗaya, domin ya kai fim har cikin ɗaki, wurin matan aure waɗanda ba su zuwa silima. Marubutan littattafan soyayya ma suka shigo, irinsu Ado Ahmad Gidan Dabino da ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Zuwa 1999 Sangaya ya fito da waƙar da aka kaɗa da fiyano, kasuwa ta buɗe, kowa ya ga cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga nan sai ya zama ana tsara waƙoƙi tukuna, sa'an nan a nemo labarin da za a rataya su a kai.

A daidai wannan lokaci ne suka ya sami takarda. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme da aka fara a 1999, sun buɗe shafuka don sharhi da wasiƙun masu karatu. Ƙorafin ya kasu kashi uku. Na farko na malamai ne da iyaye, a kan rawar mace da namiji da irin tufafin da ake sawa. Na biyu na masana al'ada ne, a kan satar labaran Indiya da nuna rayuwar da ba ta Bahaushe ba. Na uku, wanda ya fi kowanne ƙarancin masu faɗa, shi ne na fasaha: murya ba ta fita, haske ya yi yawa ko ya yi kaɗan, labari ya tsinke a tsakiya, a kuma raba fim ɗaya kashi biyu ko uku don a ci kasuwa sau uku.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba. Sangaya da Wasila, waɗanda yau ake kira na zamanin inganci, su ne a wancan lokaci aka ce sun kawo lalacewa. Haka nan finafinan barkwanci na Rabilu Musa Ɗan Ibro, da ake kira camama ana yi musu kallon raini, bayan rasuwarsa a 2014 sai ga shi ana cewa ba za a sāke yin kamarsa ba. Abin da aka zaga jiya shi ake kewa yau.

Suka ya Zama Doka

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a shekara ta 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a watan Disamba, sa'an nan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar. A 2007 wani abin kunya da ya shafi wata 'yar fim ya sa aka sāke dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, aka tsaurara ƙa'idoji. An ɗaure wasu 'yan fim, ciki har da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, bisa tuhumar da ta shafi rajistar kamfani da fitar da fim ɗinsa Tsintsiya. Masu sana'a da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da wasu garuruwa. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan da malamai da wasu jama'a suka nuna ƙin amincewa.

Ba a nan za a yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya ba, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne, ƙorafi na farko, na tarbiyya, shi ne ya sami hukuma da kotu. Na biyu ya sami masana, har aka yi babban taro a Kano a 2003, wanda Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa suka tattara takardunsa suka buga littafi a 2004. Na uku kuwa, na fasaha, ya zauna maraya. Hukuma tana iya yanke rawa daga cikin fim, amma ba aikinta ba ne ta koya wa marubuci yadda ake ƙulla labari.

Daga Faifai Zuwa Waya

Kaset ya ba faifai wuri, faifai kuma satar fasaha ta ci shi. A shekarun 2010 finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suka cika kasuwa da araha, masu tura fim a waya suka ƙarasa abin da ya rage. Sai sana'a ta koma ga talabijin da intanet. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, da Kwana Casa'in a 2019, ta kuma nuna Labarina na Aminu Saira a 2020, shekarar da Izzar So ya fara fitowa a YouTube. Duk mai adalci ya san hoto da sauti sun fi na zamanin kaset nesa ba kusa ba, waƙa ma ta ragu. Amma sabon ƙorafi ya taso, cewa ana jan labari mako bayan mako har ya yi tsami, saboda yawan kallo da talla su ne ke kawo kuɗi. Wannan ba wani abu ba ne illa tsohuwar cutar raba fim kashi uku, ta sāke riga. A kowane zamani, hanyar da kuɗi ke shigowa ita ce ke tsara siffar fim.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kukan lalacewar finafinai ya girmi Kannywood kanta, kuma kowane zamani yana yabon wanda ya wuce. Wannan ba ya nufin masu suka ba su da hujja, sau da yawa suna da ita. Illa dai an fi mayar da hankali ga abin da bai kamata a nuna ba, aka bar tambayar ko abin da aka nuna an iya nuna shi. Ga kuma wata matsala: yawancin kaset-kaset na shekarun 1990 zafi da ƙura suna cinye su, mai cewa na da sun fi kyau sau da yawa da tunaninsa yake magana, ba da abin da ya sāke kallo ba.

Aikin da ke gabanmu, 'yan'uwa ɗalibai, guda biyu ne. Na ɗaya, mu nemo tsofaffin finafinan nan a adana su, a kuma yi hira da waɗanda suka yi su tun suna raye. Na biyu, mu yi wa fim irin tarken da aka koya mana a kan waƙa da ƙagaggen labari: mu kira fim da sunansa, mu dubi jigo da zubi da harshe, mu faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza, tare da dalili. Mai shirya fim ba ya ƙaruwa da jin cewa duk sun lalace, amma in an nuna masa wurin da labarinsa ya karye, yana iya ɗinkewa a fim na gaba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu dace, amin.