Babbar Yunwar Ƙasar Ailan (1845-1852) da Makomar Harshen Gelik

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun sha nazarin Babbar Yunwar ƙasar Ailan ta fuskar asarar rayuka da dukiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yunwar da ƙaurar da ta haifar sun yi wa harshen Gelik, wato harshen asali na mutanen ƙasar, illar da har yau bai gama farfaɗowa daga gare ta ba.

2.0 Asalin Yunwar

A wancan zamani Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Akasarin ƙasar noma tana hannun manyan masu gonaki, talakawa kuwa haya suke yi. Hatsin da suka noma shi ke biyan kuɗin haya, su kuma dankalin Turawa ne cimarsu. A shekarar 1845 wata cuta mai ruɓar da dankali ta ɓulla, a 1846 kuma ta lalata kusan duk abin da aka shuka. Gwamnatin Robert Peel ta sayo masara daga Amurka, amma ta John Russell da ta gaje ta sai ta fi dogara ga kasuwa, alhali ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi zuwa Ingila. Wata doka ta 1847 ta hana agaji ga duk mai riƙe da gonar da ta wuce kwatan eka, sai in ya sallama ta. Ƙidayar 1841 ta sami mutane fiye da miliyan 8, ta 1851 kuwa kimanin miliyan 6.5. Kusan miliyan 1 sun rasu, fiye da miliyan 1 sun bar ƙasar.

3.0 Ƙetare Teku

Yawancin masu ƙaura sun ƙetare Tekun Atilantika zuwa Amurka da Kanada, cikin jiragen da saboda cunkoso da zazzaɓi aka yi musu laƙabi da akwatunan gawa. A tsibirin Grosse Île da ke kusa da Kwibek, inda ake killace marasa lafiya, an binne fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai.

4.0 Tasiri a Kan Harshe

Yunwar ta fi tsanani a yammaci da kudancin ƙasar, inda talakawa masu magana da Gelik suka fi yawa. Don haka mutuwa da ƙaura duk a cikinsu suka fi ɗiba. A 1851 masu jin harshen kimanin miliyan 1.5 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a. Muhimmin abin lura shi ne sauyin tunanin waɗanda suka tsira. Da iyaye suka tabbata 'ya'yansu Boston ko Niyok za su nufa, sai suka ɗauki Ingilishi a matsayin guzurin tafiya, Gelik kuwa harshen talauci. Makarantun gwamnati da aka kafa tun 1831, masu koyarwa da Ingilishi, suka ƙarfafa wannan ra'ayi.

5.0 Kammalawa

Yunƙurin farfaɗo da harshen ya samu gudummawa daga 'yan ƙaura: a Buruklin ta Amurka aka fara buga mujallar An Gaodhal a 1881, kafin a kafa Ƙungiyar Gelik a Dablin a 1893. Sai dai tarihin ya nuna cewa idan iyaye suka daina ganin amfanin harshe ga rayuwar 'ya'yansu, maido shi cikin gida ya fi ƙarfin doka da makaranta.