Daga ganuwar Birni zuwa katangar siminti: me ke korar ɓarawon dare?

A tsakiyar ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa. Idan dare ya yi a rufe ƙofofi, dogarai su kama sintiri. Fatake da baƙi kuwa masaukinsu Zango ne, a wajen ganuwa, kuma kowane baƙo yana da mai masaukin da za a tambaya in wani abu ya ɓace.

Cikin gari ma ginin gida kansa tsaro ne. Ƙofa ɗaya ce, ta zaure, inda maigida ke hira, samari ko almajirai su kwana. Lunguna ƙanana ne masu lanƙwasa, wanda ba ɗan unguwa ba yakan ɓata hanya. Shi ya sa ɓarawon wancan zamani ya fi huda katangar ƙasa ta baya, musamman da damina, lokacin da ruwa ya jiƙa ta.

Zuwan Turawan Faransa a 1899 ya fara sauya wannan tsari. Tsoron yaƙi ya kau, ganuwa ta zube, gari ya bazu. A Maraɗi ambaliyar 1945 ta sa aka tashi daga kwarin Gulbi aka hau tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Yau unguwannin bakin gari a Maraɗi, Tawa da Yamai cike suke da kangwaye da filayen da ba a gina ba. Gida ɗaya nan, wani can, ga duhu, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Doguwar katanga mai kwalabe a kai tana da amfani, amma in ɓarawo ya riga ya dira ciki, ita ce ke ɓoye shi.

Halin masu gida ma yana da nasa rabo. Cikin zafin Afrilu da Mayu ana kwana a tsakar gida, ɗakuna a buɗe, waya a gefen tabarma, babur ba sarƙa. Da damina ƙarar ruwa a kan kwano tana danne ƙarar ɓalle kwaɗo. Lokacin babban hutu kuma malamai da yawa suna tafiya gida, su bar ɗakin haya a kulle ba tare da sun gaya wa kowa ba.

Abin da ya tsare Birni shi ne sanin juna. Iyaye, mu san maƙwabtan dama da hagu, mu karɓi lambobin wayarsu, mu sallami ɗaya daga cikinsu in za mu yi tafiya. Malamai, mu koya wa yara kada su faɗa wa baƙo inda ake ajiye kuɗi, ko ranar da baba zai yi bulaguro. In an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarmomi, kada a ɗauki doka a hannu.